Littafin Atisayen Tsalle: Mako Takwas da 'Yan Ƙwallon Raga

Asabar, 1 ga Nuwamba 2025

Yara tara ne a hannuna, 'yan ƙwallon raga, daga shekara 15 zuwa 19. Hannu akwai, ido akwai, tashi ne babu. Ragar maza mita 2.43 ce, ba ta rage wa kowa. A wasan sada zumuncin watan jiya, yaran da ba su kai mu tsawo ba suka yi ta dukan ƙwallo ta saman hannuwanmu kamar ba kowa a gaban raga. Tun a cikin adaidaita sahu muna dawowa na ƙudurta sai mun yi wata biyu a kan atisayen tsalle, irin wanda ake kira filayometirik.

Yau gwaji kawai muka yi, bango da alli. Yaro ya shafa garin alli a yatsu, ya tsaya a gefen bango ya miƙa hannu iya miƙuwarsa ya taɓa, sannan ya ɗan rusuna ya daka tsalle ya sake taɓawa. Tazarar da ke tsakanin tabon biyu ita ce tsallensa. Gwajin Sargent ke nan, tun 1921 ake yin sa, har yau ba ya buƙatar komai sai tef ɗin tela. Kowa sau uku, na rubuta mafi kyau.

Matsakaicinsu santimita 47. Bahago ne a sama, 56. Auta, setanmu mai ɗaga wa masu duka ƙwallo, 44. Dogo ne a ƙasa da 39, alhali shekararsa 15 amma ya kai mita 1.89. Tsawo ya zo masa da gaggawa, ƙarfi bai biyo ba. In ya dira gwiwoyinsa sai su haɗu ciki kamar ɗan maraƙin da aka haifa yau.

Tsari: tsalle ranar Litinin da Alhamis bayan la'asar, don a sami aƙalla awa 72 tsakani. Ƙwallo Talata, Laraba da Asabar kamar yadda aka saba. Abin da zan riƙa ƙirgawa shi ne dira, wato duk lokacin da ƙafa ta sauka ƙasa bayan tsalle. Littafin NSCA, ƙungiyar masu horar da ƙarfin jiki ta Amurka, ya ba sabon shiga dira 80 zuwa 100 a zama ɗaya, matsakaici 100 zuwa 120, wanda ya goge 120 zuwa 140. Nawa yara ne, zan fara daga 60.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Da safe na je 'Yan Katako a Na'ibawa. Akwati uku nake so: santimita 30, 45 da 60. Katako ₦36,000, ƙusa da gam ₦4,000, kuɗin aikin kafinta ₦15,000, adaidaita sahu ₦3,000. Jimla ₦58,000. Wani tsohon ɗalibinmu ya turo ₦50,000, Allah ya saka masa, sauran daga aljihuna. Na kuma sayi fayif ɗin roba na ₦6,500, zan yanka in haɗa ƙananan shingaye.

Zaman farko, dira 60, kusan duk koyon sauka ne. Tsalle kaɗan, a dira, a daskare daƙiƙa biyu. Gaban tafin ƙafa ya fara taɓawa, gwiwa ta bi saitin yatsu, ƙugu ya koma baya. Na ce musu ni da kunne nake aiki. Wanda na ji "tim!" kamar an yar da buhun masara, ya sake. Dogo ya sake sau bakwai.

Na gwada su tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 a ɗan tsugune. Biyar suka iya.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Dira 60. Babu labari. Biyu sun zo da silifas, na zaunar da su.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Akwatuna sun iso. Na 30 da na 60 lafiya lau. Na 45 kuwa rawa yake yi, ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ga kan ƙusa ya leƙo a gefe. Na mayar wa kafinta. Ya ce, "Haba Malam, ai ba kujerar amarya ba ce, tsalle kawai za a yi a kai." Na ce tsallen ne ya sa. Yaro mai kilo 80 zai hau da ƙarfinsa, in akwati ya goce ƙwauri ne zai biya. Ya gyara ba ƙarin kuɗi, ya sa masa katakon gicciye a ciki. Na sayi tsohon tub ɗin taya ₦2,000, muka yanka muka buga a ƙasan ukun don kada su zame.

Dira 70. An fara ƙananan tsalle na idon sawu, gwiwa kusan a miƙe, kamar tsallen igiya ba igiya. Da hawa akwatin 30: a yi tsalle a hau, a sauko da tafiya, ba da tsalle ba. Yara sun ɗauka hawa shi ne mai wuya. A gaskiya shi ne mai sauƙi ga gaɓoɓi, domin akwatin ya tare ka a sama kafin ka faɗo da nauyinka.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Dira 80. Hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari. Na ƙara ɗumama jiki zuwa minti 15. Fili ya fara tauri.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Dira 90: na idon sawu 40, hawa akwati 20, tsallake shinge da ƙafa biyu 30.

Wani dattijo da ya horar da mu muna yara ya biyo ta filin, ya tsaya yana kallo hannu a baya. Da muka tashi ya buga akwatin 60 da sandarsa ya ce, "Kai, wannan na mata ne? Rasha daga sama da mita ɗaya suke dirowa." Na ce, "Haka ne, Baba." Bai yi ƙarya ba. Yuri Verkhoshansky, wanda ya fito da dabarar a Tarayyar Sobiyet, ya yi amfani da santimita 75 har zuwa mita 1.10. Sai dai manyan 'yan wasa yake horarwa, waɗanda suka shekara suna ɗaga ƙarfe, kuma ko su bai wuce zubi huɗu na goma-goma ba, da dogon hutu tsakani. Shi "hanyar girgiza" ya kira ta. Sunan filayometirik Ba'amurke ne, Fred Wilt, ya yaɗa shi a 1975, daga nan kowane tsalle-tsalle ya shige ƙarƙashin sunan. Tsohuwar ƙa'ida ma cewa ta yi kada a diro daga akwati sai mutum yana iya tsugunawa da ƙarfen da ya kai nauyinsa ɗaya da rabi. A cikin yarana babu wanda ya taɓa sa ƙarfe a kafaɗa, in ka cire Bahago da ke ɗaga na siminti a unguwarsu.

Ban faɗa wa Baba duk wannan ba. Na raka shi bakin ƙofa. Amma maganar ta zauna mini a rai fiye da yadda ya kamata.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Dira 90, kamar Litinin. Ƙorafi ya fara: "Koci, wannan ai wasan yara ne, ko gumi ba mu yi ba." Minti biyu da nake ba su tsakanin zubi da zubi ne ke damunsu. Sun saba da kocin da in ba ka yi amai ba ba ka yi tirenin ba. Na ɗauko ƙwallo biyu, mai iska da wadda ta sace, na sake su tare. Mai iska ta taɓa ƙasa ta tashi, ɗayar ta lafe. Na ce tsoka da agara haka suke: in ka dira suna miƙewa su tara ƙarfi, in ka tashi nan take ka ci moriyarsa, in ka daɗe a ƙasa ya zube. Gajiyayyen mutum ƙwallon da ta sace ne. Don haka hutun yana cikin aikin.

Sun gyaɗa kai. Ban ga alamar sun yarda ba.

Litinin, 24 ga Nuwamba

An kafa rumfuna a fili saboda taron iyaye, muka koma daɓen siminti na bayan ajujuwa. Na ga mako uku ke nan ba wanda ya ce uffan game da ciwo, na ce bari a taɓa su kaɗan. Dira 120: idon sawu 30, shinge 40, ƙafa ɗaya 20, sai dirowa daga akwatin 45 a tashi nan take, 30 kowa. Murna kamar sallah. A zubin ƙarshe sautin dirar ya canja, ya yi nauyi, dunduniya tana bugawa. Na ji, amma saura goma-goma, na bari suka ƙarasa.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Ba a yi tsalle ba yau, kuma laifina ne.

Ranar Talata yara uku suka zo ƙwallo suna tafiya kamar masu kaciya, na ce tsamin jiki ne. Laraba Dogo ya tashi tare ƙwallo, ya dira, ya riƙe gwiwar dama ya zauna a ƙasa. Ba targaɗe ba ne, bai murɗe ba. Ya nuna mini wurin: ƙasan ƙoƙon gwiwa, a saman ƙwauri, akwai ɗan tudu, in an danna sai ya janye ƙafa. Na tambaye shi yaushe ya fara. Ya sunkuyar da kai ya ce tun makon jiya yana jin sa in ya durƙusa a salla, amma ya ji tsoron in cire shi. Wasu biyu kuma ƙwaurinsu ne, ta gefen ciki, doguwar layi mai zafi. Su ne masu kambas ɗin da tafinsa ya cinye ya zama kamar takarda.

Jiya da dare na zauna da littafin nan na sake duba Litinin. A ido, daga 90 zuwa 120 ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne, kuma ban fita daga teburin NSCA ba. A nan ne teburin ya ruɗe ni, ko in ce na ruɗi kaina da shi, tunda littafin da kansa ya ce in zafi ya hau yawa ya sauka. Dira ba ɗaya ba ce. Wanda ya diro daga santimita 30 yana isa ƙasa da gudun kusan mita 2.4 a daƙiƙa, daga 45 kusan 3, daga 60 kusan 3.4, kuma in ka ninka tsayin akwati ka ninka ƙarfin da jiki zai shanye. Ƙafa ɗaya kuma ita kaɗai take ɗaukar abin da biyu suke rabawa.

Sai na ƙirƙiri maki na kaina, ba daga wani littafi ba, don in ga abin da idona: ƙaramin tsalle da hawa akwati maki 1, shinge 2, ƙafa ɗaya 3, dirowa daga akwati 4. Ranar 17 ga wata: 40 da 20 da 60, maki 120. Ranar 24: 30 da 80 da 60 da 120, maki 290. Kusan ninki biyu da rabi a mako ɗaya. Kuma abu huɗu na canja a rana guda: yawa, sabon atisaye har iri biyu, tsayi, da ƙasar da ake dira a kai. Ko da ciwon bai zo ba, ba zan san wanne ya yi aiki ba. Yanzu da ya zo, ban san wanne zan fi zargi ba, sai dai ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ji sautin ya canja. Ni na kafa dokar kunne, ni na karya ta saboda goma ta cika.

Yau miƙa jiki kawai muka yi da karɓar ƙwallo a ƙasa.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Dogo ya zo duk da na ce ya huta. Tunda ya zo na ba shi aiki. Na ciro carbin yatsa, irin mai dannawa, na ce ya zauna ya danna duk lokacin da ɗan tsakiyarmu na biyu, mai tare ƙwallo a tsakiyar raga, ya bar ƙasa, ko duka, ko tarewa, ko sabis na tsalle, ko tashin yaudara. Awa biyu. Ya kawo mini: 103.

Na ce ya tabbata? Ya ce, "Wallahi Koci, har na ɗumama jiki ban sa ba."

To ga inda gizo ke saƙa. Sau uku muke ƙwallo a mako. Ɗan tsakiya yana yin wajen tsalle 300 da ba su taɓa shiga littafin nan ba, ni kuma ina nan ina lissafin 180 na Litinin da Alhamis ina ganin na iya tsari. Awa 72 ɗin da nake taƙama da ita ma babu ita, tunda washegarin Litinin suna gaban raga. Ban da ƙwallon ƙafa ta unguwa da ba mai faɗa mini. Dogo ɗan tsakiya ne. Ke nan ya fi kowa yawan tsalle, ya fi kowa rauni, kuma na ba shi akwati ɗaya da Bahago.

Gyara: Talata ta zama ranar ƙasa, karɓa da sabis a tsaye, ba tsalle. 'Yan tsakiya za a rage musu kashi ɗaya cikin huɗu na dirar atisaye.

Litinin, 1 ga Disamba

Da safe na je gidan su Dogo. Mahaifinsa ya riga ya yi magana da mai ɗori. Na gaishe shi na ce, "Alhaji, a yi mini alfarma mu fara ganin likitan gashin ƙashi, ni zan biya. Ba karaya ba ce, babu abin da za a ɗora." Ya dube ni ya ce, "Malam, lafiyarsa ƙalau na ba ka shi." Na ce haka ne, kuma ni na yi gaggawa. Ya yi shiru, can ya ce mu je.

Likitar ta danna wurin, ta sa shi ya tsuguna, ya hau matakala, ta tambayi ko ya ƙara tsawo bana. Ta ce Osgood-Schlatter ne, sunan likitoci biyu da suka bayyana shi a 1903. Jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa tana manne ne a saman ƙashin ƙwauri, a wurin da bai gama ƙwari ba ga yaro mai girma. Cinya na ja, tsalle na ja, wurin ya kumbura. Ta ce yawanci yana lafawa in girma ya tsaya, ba a hana yaro motsi gaba ɗaya, amma a rage abin da ke tayar da shi. Ƙanƙara minti 15 bayan wasa, miƙa tsokar gaban cinya a hankali, zaman jingina da bango gwargwadon yadda ba zai yi zafi ba. Dirowa daga akwati kuwa babu ita. Sannan ta juyo gare ni: "Malam, ba Litinin ɗinka ce ta haifar da shi ba, amma ita ta tashe shi." Kuɗin gani ₦6,000. A hanya Alhaji ya ɗan saki fuska.

Da yamma ba tsalle. Na sa yara muka sassaƙe wani yanki na fili, taku goma da taku huɗu, muka kwashe tsakuwa, muka gauraya da garin katako buhu huɗu, ₦3,200. Za a riƙa yayyafa masa ruwa awa ɗaya kafin zama, kurar mai garuwa ₦1,500. Auta ya kawo shawarar tsohuwar katifa. Na ƙi. Laushi in ya yi yawa ƙafa nutsewa take yi, lokacin ƙasa ya tsawaita, an koma ƙwallon da ta sace. Ƙasa mai ɗan danshi da ta daddale ita nake nema.

Alhamis, 4 ga Disamba

Makon sauke kaya. Dira 40, duk masu maki 1. Na bi ta Ƙofar Wambai na sayo wa masu ciwon ƙwauri kambas na gwanjo, ƙafa biyu ₦17,000. Sabuwar doka: kafin a fara kowa ya faɗi lamba daga 0 zuwa 10 a kan gwiwa da ƙwauri, a gaban kowa, kuma wanda ya faɗi gaskiya ba ya rasa rigarsa. Daga 4 zuwa sama ba tsalle.

Litinin, 8 ga Disamba

Yau aka yi abin da ya kamata a yi tun kafin a taɓa akwati. Ƙanin matata ya ara mini wayarsa mai ɗaukar bidiyo firem 240, wato hoto 240, a daƙiƙa. Muka ajiye ta a ƙasa jingine da bulo, saitin ƙafafu. Kowa ya diro daga 30 sau biyu, hannu a ƙugu. Wanda ya yi kyau ya gwada 45. Dira bai wuce 12 ba ga kowa, aka cike da ƙananan tsalle zuwa 50.

Da dare na zuba a kwamfuta, na buɗe da manhajar nazarin bidiyo ta Kinovea, ina matsawa firem-firem har ƙarfe ɗaya. Abu biyu nake ƙirgawa. Na farko, daga taɓa ƙasa zuwa barinta. Masana sun sa iyaka a daƙiƙa 0.25 tsakanin tashi mai sauri da mai nawa, wato firem 60 daidai a wannan wayar. Na biyu, lokacin da yaro yake sama. Daga shi ake fitar da tsayi: a ninka lokacin da kansa, a ninka da 9.81, a raba da 8. Rabin daƙiƙa a sama kusan santimita 31 ke nan.

Bahago daga 30: firem 48 a ƙasa, 144 a sama, santimita 44. Daga 45: firem 50 a ƙasa, 146 a sama, santimita 45. Na bar shi shi kaɗai ya gwada 60: firem 66 a ƙasa, 138 a sama, santimita 41, ga dunduniya ta daki ƙasa har ƙura ta tashi a bidiyon. Wato akwati ya ƙaru, tsalle ya ragu, zama a ƙasa ya tsawaita. Akwatinsa 45 ne. Shi ne gwanin cikinsu, kuma 60 ta fi ƙarfinsa.

Sauran bakwai: biyu sun tsaya ƙasa da firem 60 a kan 45, huɗu a kan 30 kawai, ɗaya ko a 30 firem 74 ya yi. Ke nan ranar 24 ga Nuwamba, shida cikin tara, in an haɗa da Dogo, suna dirowa daga akwatin da ba nasu ba, sau 30, a kan siminti.

Akwatin 60 ya zama kujerata.

Alhamis, 11 ga Disamba

Dira 60, maki 105. Dirowa 10 kacal, zubi biyu na biyar-biyar, kowa da akwatinsa, daƙiƙa goma tsakanin tsalle da tsalle, minti uku tsakanin zubi. Mai firem 74 yana dirowa ne ya daskare, ba tashi. Kalmar da ta fi shiga kunnensu: "Ƙasar nan daɓen Afrilu ce da azahar, kuma ba ku da takalmi."

Litinin, 15 ga Disamba

Dira 65, dirowa 15. Abu ɗaya na ƙara, ban taɓa sauran ba. Masu ƙwauri sun ce 1 da 2. Dogo yana zaman bango daƙiƙa 30 sau biyar, sannan ya riƙe carbi.

Alhamis, 18 ga Disamba

An yi hutun makaranta, bakwai suka zo. Dira 65. Na tsayar da ɗaya a tsalle na uku na zubin ƙarshe saboda sauti. Ya ce saura biyu. Na ce su zauna a bashi. Da na matsa masa, ashe gasar ƙwallon ƙafa ta hutu aka fara a unguwarsu, jiya ya buga minti 90 a filin tsakuwa. Ba zan iya hana shi ba, na dai roƙe shi ya riƙa faɗa mini.

Faso ya fara damun wasu, dunduniya ta tsage. Na ce kowa ya nemi man kaɗe.

Litinin, 22 ga Disamba

Zama na ƙarshe. Na rage yawa, na bar zafi: dira 45, dirowa 15 a ciki. Daga yau ba tsalle sai Asabar, ƙwallo ma a ƙasa.

Asabar, 27 ga Disamba

Bango ɗaya, alli ɗaya, lokaci ɗaya da na 1 ga Nuwamba. Dogo bai yi ba, don haka dole in kwatanta takwas da takwas, in ba haka ba cire mai 39 kaɗai zai ɗaga mini lissafi in yi ta murnar banza. Takwas ɗin a farko matsakaicinsu 48. Yau 52.

Auta ne ya ba da mamaki, daga 44 zuwa 51. Bahago daga 56 zuwa 58, ransa bai so ba, na ce wanda ya riga ya yi sama da kaɗan-kaɗan yake ƙaruwa, kuma abin da ya rage masa ƙarfe ne na gaske. Mai gasar unguwa daga 50 ya koma 49. Ban ɗauki santimita huɗun nan duka a matsayin aikin akwati ba. Alli yana iya yin ƙaryar ɗaya ko biyu, sun kuma iya gwajin fiye da da, wasunsu ma girma suke yi. Abin da na fi yarda da shi bidiyo ne: mai firem 74 yau 61 ya yi daga akwatin 30.

Dogo ya ce gwiwa tana 2, yana durƙusawa a salla ba ya jin ta sosai. Likita ta yarda ya koma ƙananan tsalle 20 a zama, a kan ƙasa mai danshi. Alhaji ya aiko shi da lemo leda ɗaya.

Kuɗin da aka kashe gaba ɗaya, da ruwan zama shida ₦9,000: ₦101,700. Nawa a ciki ₦51,700, ba a gaya wa uwargida duka ba tukuna.

Mataki na gaba: hutun tsalle har 5 ga Janairu. Daga nan mako shida kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama bayan tsakiyar Fabrairu. Mako uku ana hawa, na huɗu a sauke, kuma makin mako kada ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin goma. Tsallen gaban raga zai shiga shafi ɗaya da na atisaye, za a sayi carbi biyu a ƙara. Litinin tsalle, Alhamis ƙarfi: tsuguno, hawa benci da ƙafa ɗaya, ɗaga dunduniya. Ƙafa ɗaya a tsalle sai wanda ya ci gwajin daƙiƙa 30. Cikin azumi ban yanke ba tukuna, ko zama ɗaya a mako bayan asham, ko a bar shi gaba ɗaya, sai na ji ta bakin iyaye. Ina kuma neman akwatin santimita 20 saboda Dogo. Kafinta ya ce in kawo na 60 ya rage shi, ₦4,000, amma sai bayan sabuwar shekara.